Tinya, Ƙerana da Aguwa: Sharhi a Kan Sunayensu Cikin Aikin Likita Dalziel

Littafin da za mu yi sharhi a kansa ƙarami ne, shafinsa ɗari da 'yan kai, amma fiye da shekara ɗari ke nan yana mulkin sunayen itatuwanmu. Shi ne A Hausa Botanical Vocabulary, watau jerin sunayen tsire-tsire da Hausa, wanda Likita J. M. Dalziel ya wallafa, aka buga a Landan cikin 1916. Ba dukan littafin za mu bi ba, gama wannan aikin shekaru ne. Za mu tsaya ga 'yan itatuwan nan masu kaurin jiki da farin nono waɗanda a ke dasawa a yi shinge, watau tinya da ƙerana da aguwa da fidda sartse, sa'an nan mu ɗan taɓa karan masallaci, wanda ya yi kama da su amma ba ɗan gidansu ba ne.

Abin da ya jawo wannan rubutu kuwa shi ne wani kundi da wani ɗalibi ya kawo mini in duba masa, a kan magungunan gargajiya na ƙasar Zazzau. A shafi guda ya ce tinya kaktus ce, a wani shafin ya ba ta sunan Latin na ƙerana, can gaba kuma ya ba aguwa suna biyu dabam, bai san itace ɗaya ya ke nufi ba. Da na tambaye shi inda ya samo, sai ya lissafa mini littattafai huɗu, ko wanne kuwa ya kwafo daidai. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Saboda haka na ɗauki Dalziel na fita wajen Dutsen Abba, sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina, ina bin shingayen gonaki da na bayan gida da gindin duwatsu, ina gwada abin da ke cikin takarda da abin da ke tsaye a ƙasa.

Kafin mu soki mutumin, ya kamata mu ba shi hakkinsa. Dalziel likita ne, mutumin Sikotilan, an haife shi cikin 1872, ya rasu cikin 1948. Ya shigo aikin likita na Afirka ta Yamma cikin 1905, ya zauna wurare da dama a Arewa, duk inda ya sauka kuwa sai ya tara ganye da fure ya busar, ya aika gidan binciken tsire-tsire na Kew a Ingila, tare da sunan da mutanen wurin suka faɗa masa da amfanin da su ke yi da abin. Daga baya shi da John Hutchinson suka rubuta babban littafin tsire-tsiren Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936, kāna cikin 1937 ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa, inda ya faɗaɗa abin da ya fara cikin 1916. In mai karatu ya buɗe ƙamus na Bargery na 1934, ko na Abraham na 1949, ya duba sunayen Latin da ke gaban itatuwa, galibi sawun Dalziel zai gani. Kyaun aikinsa shi ne ya ji da kunnensa, ya kuma ajiye shaida. Sunan da ya rubuta yana da busasshen reshe a bayansa wanda wani zai iya zuwa ya duba. Wannan ladabi kuwa yawancin masu kwafonsa ba su gada ba.

To, mu fara da maganar kaktus, domin ita ce kuskuren da ya fi yaɗuwa. Turawan da suka rubuta labarin ƙasar Jos sun saba kiran shingayen ƙauyukan can da sunan kaktus, daga nan kalmar ta bi makarantu. Amma kama da wane ba ta wane. Dangin kaktus na ƙasashen Amurka ne, jinsi ɗaya tak a ke samu a dajin Afirka ba da hannun mutum ba, shi ma ɗan siriri ne mai rataya a jikin itatuwan kurmi, ba ya shinge. Namu kuwa 'yan gidan Euphorbia ne. Hanyar rarrabewa ba ta da wuya: yanka reshe, in farin nono ya tsatso nan take, kusan lalle Euphorbia ce. Ƙayar kaktus tana fitowa tuli guda daga wani ɗan matashi mai gashi, ta ƙerana kuwa biyu-biyu ta ke a bisa tauri kamar garkuwa. Furen kaktus babba ne mai ado, na tinya ƙanƙane ne, sai ka kusa ka gan shi. Zaman fari ne ya sa suka yi siffa ɗaya, ko wanne ya tara ruwa a jiki ya rage ganye. Dalziel bai yi wannan kuskure ba, ya sa ko wanne a danginsa. Masu taƙaita shi ne suka riƙe kamannin suka yar da dangin.

Sunan Euphorbia ma kansa na Afirka ne tun asali. Juba na Biyu, sarkin ƙasar da ta ƙunshi Maroko ta yau a zamanin Rumawa, shi ya sa wa wani itacen duwatsun Atlas sunan likitansa Euphorbus, Linnaeus kuma ya tabbatar da sunan cikin 1753, shekarar da a ke fara lissafin sunayen tsire-tsire daga gare ta. Tsarin da ya kafa shi ne ko wane tsiro ya sami suna biyu, na gida da na jinsi. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne, shi da ya ce gwandar daji da gwandar gida, ya ce farar ƙaya, ya ce namijin kaɗanya. Bambancin kawai shi ne masu ilmin tsire-tsire sun ɗaure ko wane suna a jikin samfuri guda da ke ajiye, suka kuma yi doka cewa in suna biyu sun haɗu kan jinsi ɗaya, wanda ya riga fitowa shi ke ci.

Wannan doka ita ta ture sunan ƙerana. A zamanin da Dalziel ya rubuta, sunan da ke ci a Kew shi ne Euphorbia barteri, wanda N. E. Brown ya raɗa don tunawa da Charles Barter, mai tara tsire-tsire cikin tafiyar Baikie a kogin Kwara, wanda jirginsu ya fashe kusa da Jaba cikin 1857, shi kuwa ya rasu a Raba ta ƙasar Nufe cikin 1859. Daga baya aka gane cewa Bajamushe Ferdinand Pax ya riga ya sa wa itacen nan suna Euphorbia kamerunica 'yan shekaru kafin Brown, sai sunan Barter ya koma inkiya. Wanda ya kwafo daga tsohon littafi da wanda ya kwafo daga sabo sai su zaci itace biyu su ke magana a kai. Har wa yau ba a nan rikicin ya tsaya ba, domin itatuwa masu rassa kore da kusurwa da ƙaya biyu-biyu ba jinsi ɗaya ba ne a Arewa. Cikin 1955 Keay da Milne-Redhead suka ware wani suka kira shi Euphorbia desmondii. Manomi kuwa duk abin da ya tashi da wannan siffa ƙerana zai ce, wasu su ce ƙyarana. Saboda haka wanda ya rubuta ƙerana ya sa suna guda a gabanta bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiyar duka ba.

A nan ya kamata a tausaya wa Brown da Pax. Su a ɗaki su ke aiki, abin da aka aiko musu shi su ke dubawa, itace mai ruwa kuwa ba ya buso da kyau. In aka matse reshen ƙerana cikin takarda sai kusurwoyin su lotse, ganyen ya zube, launin ya tafi, abin da ya rage baƙin ɓawo ne da 'yan ƙayoyi. Ƙari a kan haka, ɗakin ajiyar tsire-tsire na Balin ya ƙone da bom cikin Maris na 1943, samfura masu yawa da Jamusawa suka raɗa wa itatuwan Afirka suna a kansu suka salwanta. Mai neman ainihin abin da wani tsohon suna ke nufi wani lokaci bayanin takarda kaɗai zai samu.

Tinya ita ce ta fi buƙatar a yi hattara, gama ita ce mai dafi ƙwarai. A cikin aikin Dalziel da na magadansa tana ɗauke da suna biyu: Euphorbia poissonii, wanda Pax ya raɗa cikin 1902 da sunan wani Bafaranshe, Eugène Poisson, da ya tara tsire-tsire a Dahome, da Euphorbia unispina, wanda Brown ya raɗa cikin 1911, ma'anarsa mai ƙaya ɗaya. Dukansu rassansu kauri ne, zagayayyu, masu launin toka, ba kusurwa, ganyen yana yin tuntu a ƙarshen reshe da damina ya kakkaɓe da rani. Abin da littattafai suka fi dogara a kai wajen raba su shi ne ƙaya: ta biyun tana riƙe ƙaya guda a ko wane ido, ta farin kuwa ƙayarta ƙanƙanuwa ce, ko ma babu ita a tsohon reshe. Na tsaya a gaban wata tinya a gindin dutse da rani, ba ganye ba fure, na juya littafi na juya, ban iya yanke hukunci ba sai da na komo da damina. Wani dattijo da ke kaftu a kusa ya yi mini dariya, ya ce, "Malam, ai duk tinya ce, ka dai tsare idonka." Gaskiyarsa kuwa, domin nonon ko wacce in ya faɗa ido zai yi raɗaɗi mai tsanani, yana ma iya makantarwa. Mafarauta na dā su kan haɗa shi da kwankwani a dafin kibiya, masunta kuma su zuba a ruwa.

Ga wani abin mamaki da ba kasafai ɗalibanmu su ke sani ba. Cikin 1976 wasu masu binciken magunguna biyu a Landan, Evans da Schmidt, suka ware wani dafi daga nonon Euphorbia poissonii, suka sa masa suna tinyatoxin, watau dafin tinya. Yana kama jijiya ta ƙofar da yajin barkono ke kamawa, amma ƙarfinsa ya ninka na barkono sau ɗaruruwa. Kalmar Hausa ke nan ta shiga littattafan kimiyya na duniya, ta kuma zauna daram, alhali sunayen Latin na 'yan uwanta suna ta kai da kawowa. Amma lura, su sun faɗi jinsin da suka tatsa. Mai binciken da ya je kasuwa ya sayi abin da aka ce masa tinya, ya buɗe ƙamus ya ɗauki sunan da idonsa ya fara faɗawa a kai, bai kai reshe ɗakin ajiyar tsire-tsire na Jami'ar Ahmadu Bello an tantance masa ba, to, duk sakamakon da ya rubuta ba a san na wace itaciya ba ne.

Labarin aguwa ya fi duka koyarwa. Ita ba ta da ƙaya, rassanta masu taushi ne, ganyenta siriri, ta fi yawa a ƙasar Kano da Katsina da Daura har Damagaram da Maraɗi, inda a ke jera ta iyakar gona da gefen burtali. Brown ya kira ta Euphorbia sepium cikin 1911, watau ta shinge, sunan da ya dace da ita ƙwarai, shi ne kuma ke ci sa'ad da Dalziel ya fara rubutu. Masu zuwa daga baya suka ce a'a, ai ita ce Euphorbia balsamifera wadda Aiton ya bayyana tun 1789 daga tsibiran Kanari, yamma da Maroko. Aka bi wannan shekara da shekaru, shi ya shiga bugun Keay na 1958, shi ya shiga kundi na biyu na Burkill na 1994, shi ne kuma ke cikin kusan duk wani kundin digiri da aka rubuta a Arewa. Sai cikin 2021 Ricarda Riina da abokan aikinta suka buga binciken da suka yi a kan ƙwayoyin halittar itatuwan, suka nuna cewa abin da aka tara ƙarƙashin suna ɗaya jinsi uku ne: na Kanari, da na kudancin Arabiya da ƙuryar gabashin Afirka, da namu na bakin hamada, suka mayar wa namu sunan Brown. Ashe tsohon littafin da a ke cewa ya tsufa shi ne a kan daidai, gyaran ne ya kauce. Shekara ɗari da goma sunan Latin ya yi yana zagaye kafin ya dawo inda ya tashi, matan ƙauye kuwa aguwa su ke cewa tun farko. Irin wannan ya sami bagaruwa ma, wadda aka fitar daga gidan Acacia aka kai ta Vachellia. Ba ina cewa sunan Latin banza ba ne, gama ba don shi ba da ba mu san aguwar Katsina da ta Sanagal abu ɗaya ba ne. Ina dai cewa ba dutse ba ne, hukunci ne na masana, yana da ranar da aka yanke shi da wanda ya yanke, ya kamata ƙamus ya faɗi duka biyu.

Fidda sartse ba ta ba da wahala ba. Euphorbia lateriflora ce tun 1827, daga abin da Thonning, mutumin Danmak, ya tara a gaɓar da ta zama Gana, sunanta na Hausa kuwa ya faɗi aikinta. Karan masallaci shi ne ya ɗauki sunan Dalziel kansa, Brown ya kira shi Caralluma dalzielii. Gajere ne, mai kusurwa huɗu, ruwansa ba fari ba ne, amma in ya yi 'ya'ya sai ka ga ƙaho biyu da ke fashewa su saki iri mai gashi kamar na tumfafiya, ɗan danginta ne kuwa. Shi ma cikin 2017 Bruyns da abokansa sun kawo shawarar a narka gidan Caralluma cikin Ceropegia, wasu suka bi, wasu suka ƙi.

Yanzu ga babban gibin da na gani, wanda kuma ban ga wani daga cikin magadan Dalziel ya cike shi ba. Dukansu sun ɗauki itatuwan nan kamar na daji, alhali yawancin waɗanda a ke gani shuka ne. Ba wanda ke shuka ƙerana ko aguwa da iri. Reshe a ke sarewa, a bar shi ya sha iska bakin ya bushe, a kafa a ƙasa gab da damina. Saboda haka shinge mai tsawon zira'i ɗari yana iya zama itace ɗaya ne aka yayyanka, shi ma daga shingen maƙwabci aka roƙo, maƙwabci kuma daga na kakansa. Duk lokacin da mutum ya zaɓi reshen da zai sara, zaɓen iri ya ke yi. Dattijon nan na Dutsen Abba ya nuna mini ƙerana biyu a shinge guda, ya ce wannan ta fi saurin kamawa, waccan kuwa ita ya fi so domin tana yin rassa tun daga ƙasa, akuya ba ta samun kafa. A littafi suna ɗaya gare su. A idon mai gona ba ɗaya ba ne, shi ne kuwa zai yi asara in dabba ta shiga.

Masu ilmin tsire-tsire suna da wurin ajiye irin wannan bambanci. Tun 1953 akwai doka dabam ta sunayen irin da mutum ya zaɓa ya raya, wadda ta ce a rubuta sunan jinsi da Latin, sa'an nan a bi shi da sunan iri cikin waƙafi ɗaiɗai, daga 1959 kuwa ta hana a ƙirƙiro sabon sunan iri da Latin, sai da harshe mai rai. Ma'ana, Hausa tana da cikakken iko a wannan fage. Masu sayar da furanni a bakin titin Zariya da Kaduna suna da Euphorbia trigona 'Rubra', mai jan jiki, jinsin da ba a taɓa tabbatar da shi a daji ba, a hannun mutane kaɗai a ke samunsa, suna da Euphorbia lactea 'Cristata' mai kamar zankon zakara, wadda a ke aurawa a kan gindin wata. Waɗannan baƙi an san sunan ko wanne har iri. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka kafa tun 1922, ta yi wa hatsi wannan hidima: ta tara kaura da farafara, ta tace, ta sa wa ko wace lamba da suna, haka gyaɗa, haka wake. Itacen da ke tsare gonar da a ke shuka su a ciki kuwa ba wanda ya tambayi irinsa. Dalziel yana da uzuri, dokar ba ta zo ba sai bayan rasuwarsa da shekara biyar. Mu ba mu da shi.

Sauran aibin littafin na zamaninsa ne, ba sai an daɗe a kansu ba. Bai nuna karin sauti ko tsawon wasali ba, rubutunsa kuma ya riga ƙugiyar da mu ke sa wa ƙ da ɗ da ɓ, wadda ba ta kafu ba sai cikin shekarun 1930, don haka masu kwafo da yawa suka mayar da ƙerana ta zama kerana. Bargery ya gyara wannan. Z. O. Gbile ya sake jera sunayen cikin 1980 a Ibadan, Roger Blench kuma ya tattara su da karin sauti da sababbin sunayen Latin. Amma jeri dai jeri ne, suna a hagu suna a dama, kamar ana canjin kuɗi. Abin da Dalziel ya fi su da shi, watau faɗin garin da ya ji kalma da abin da a ke yi da itacen, shi ne ya fara zubewa a hanya.

A ganina sashen Hausa bai kamata ya bar wa masu kimiyya wannan aiki su kaɗai ba, su ma ba za su iya shi ba sai da mu. Ɗalibi biyu sun isa a fara, ɗaya daga harshe ɗaya daga ilmin tsire-tsire, su ɗauki ƙauyuka kaɗan daga Dutsen Abba zuwa gindin Kufena, su bi shinge shinge. Ko wane itace a ɗauki hotonsa da rani da damina, a ɗauki muryar mai shi yana faɗin sunan da bakinsa, a tambaye shi inda aka samo reshen farko da abin da ya sa ya fi son wannan bisa waccan, a yanki samfuri a kai ɗakin ajiya a ba shi lamba, wani reshen kuma a dasa shi da rai a lambun jami'a, tun da busasshe ba ya nuna kusurwa. Su tafi da tabarau da safar hannu da jarkar ruwa, in nono ya fantsama a ido a yi ta wankewa a nufi asibiti. Su kuma yi sauri, domin a gefen da gari ke ci, bulo da waya suna maye gurbin shinge. Ƙeranar nan mai rassa tun daga ƙasa, da na koma da damina na tarar an sare rabin layinta an ja harsashin gini, sai na roƙi reshe biyu, suna nan a bayan ofishina cikin tukunya, ɗaya ya kama.